Kitson da Kaka Ta Bari

Madu mai wankin hula yana ƙofar gida a Kagarawal, yana jera huluna kan guntayen katako su sha rana, sai ga 'yarsa Rahinatu ta dawo daga makaranta. Kullum sai ta ɗauki hula ɗaya ta kifa bisa hijabinta, ta kumbura ciki ta ce a gaishe da Alhaji. Yau sallama kawai ta yi ƙasa-ƙasa, ta wuce ciki.

Madu ya bi ta da kallo. Shi mutum ne da ko tari yarinyar ta yi sai ya taɓa goshinta. Ya goge sitacin hannunsa a jikin wando, ya bi ta.

Ya same ta a gindin rijiya kusa da Inno, tsohuwar Bafillatanar da ta ba shi hayar ɗaki tun zuwansa Gombe, wadda kuma ita ta goya Rahinatu a bayanta.

"Zo ka ji abin da ka jawo, bawana," in ji Inno. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kuma Inno ba ta taɓa yafe masa ko na rana ɗaya ba. Amma yau babu dariya a muryarta.

Da ƙyar Rahinatu ta yi bayani. Malama Jummy ce ta ce za a yi ranar al'adu a ƙarshen zango. Kowane ɗalibi ya shiga cikin mutanensa, ranar kuma zai miƙe ya faɗi ko shi wane ne, ɗan wa, jikan wa. Tangale suka ware, Tera suka ware, Waja suka ware. Ita ta nufi wajen Hausawa.

"Sai Bilkis ta ce, ke da babanki ke da zane tun daga goshi har haɓa, me ya kawo ki nan? Na koma wajen Fulani tunda ina jin Fillanci, suka ce in tafi wajen 'yan'uwana bayi. Wasa suke, na sani. Da na je wajen Barebari, wani yaro ya ce min wushe, wai sannu da yarensu, ya ƙara da wata doguwar magana. Ban san me zan ce ba. Suka yi ta dariya."

"To sai kika yi yaya?"

"Na tsaya a gindin bishiya har aka kaɗa ƙararrawa."

Ta ɗago kai ta dube shi. "Baba, Malama ta ce har da dangin uwa za mu faɗa. Ni sunan mamata kaɗai na sani."

Ranar da mahara suka shiga ƙauyensu a Borno, Madu yana cikin gari, ya kai Rahinatu asibiti a kan keke saboda zazzaɓi, lokacin ba ta daɗe da fara tafiya ba. Matarsa Yagana tana gida da tsohon ciki, tare da mahaifiyarsa Zainaba. Bai sake komawa ƙauyen ba. Mota ce ta kwaso su, wata ta miƙa su ga wata, har suka tsinci kansu a Gombe. A lokacin garin na cikin tsoro. Duk gidan da ya je neman ɗaki, da ya buɗe baki aka ji harshensa, sai a ce an riga an kama. Inno kaɗai ta dubi yarinyar da ke kafaɗarsa, ta ce ya shigo.

Tun daga nan ya yanke wa kansa hukunci. Zanen fuskarsa ba zai gogu ba, harshensa ba zai miƙe ba, amma na 'yarsa zai miƙe. Bai taɓa yi mata Barbarci ba. Duk ranar da ya ji ta tana ciniki da mai kayan miya da Hausa tas kamar 'yar gari, sai ya ji sanyi a ransa, ya ce ya kare ta.

Sai bayan shekaru aka gano mahaifiyarsa tana da rai, ƙaninsa Wakil ya ɗauke ta zuwa Maiduguri. Yagana kuwa ta rasu a hanya. Abin da aka gaya masa ke nan, ba ƙari. A ina, ta yaya, me ta ce, me ya sami cikin, tsohuwar ce kaɗai ta sani, domin ita ke tare da ita. Kuma a wajensu ɗa ba ya zama ya tambayi uwarsa zancen matarsa. Sau ɗaya ya gwada a waya, ya yi ta kewaye-kewaye. Ta katse shi.

"Wannan maganar mata ce. Yagana ta bar min ita don 'yarta. Ranar da na ga 'yarta zan sauke."

Ya yi niyyar kai yarinyar, amma kowace shekara sai ya tuna da hanyar, ya ce sai baɗi.

"Kakarki ta san komai game da mamarki," ya ce wa Rahinatu. "Zan sa a kawo ta."

Ashe Wakil ma yana shirin kiransa. Jikin tsohuwar ya yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, an ce a gwada wani likita a Gombe. Bayan 'yan kwanaki suka iso da la'asar. Aka sauko da ita daga Keke Napep a lulluɓe cikin lafaya mai ƙamshin turaren wuta, ta zama 'yar mitsitsiya, har Madu ya ɗauke ta cak kamar yarinya. Inno ta tarbe ta da fura, ta ce, "Ka gaya mata uwargijiyarta na yi mata maraba." Da Madu ya fassara, tsohuwar ta yi dariya har da tari, ta ce a gaya wa Bafillatana ta bari ta warke tukuna, za su yi shari'a.

Rahinatu ta durƙusa ta ce, "Kaka, sannu da zuwa."

Zainaba ta kama fuskarta da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta yi wata magana tana murmushi. Ta jira. Yarinyar ta waiwayi babanta.

"Wai ta ce wa ya ba ki wannan hancin, ko a kasuwa kika tsinto shi."

"Ka ce mata na gode."

Madu ya ji kamar an soke shi. Wasan kaka da jika ne, kamata ya yi yarinyar ta rama nan take, ta ce ai hancin tsohuwar ne ya fi muni, su yi ta yi har a raba su. Amma kafin magana ta bi ta bakinsa ta isa, ta huce. Tsohuwar ta daina murmushi. Ta dubi ɗanta, ta yi masa tambaya da Barbarci, a hankali.

"Ba ta ji ne?"

"Tana ɗan ji," in ji Madu, idonsa a ƙasa. "Kunya take yi."

Bai san me ya sa ya faɗi haka ba. Wataƙila don Wakil na tsaye. Wataƙila don bai iya kallon matar da ta yi tafiyar ƙasa da ƙafa daga ƙauyensu ya ce mata jikarta baƙuwa ce a harshenta ba. Ya ce a ransa zai gyara. Zai koya wa yarinyar da sauri, safe da yamma, kafin jikin tsohuwar ya yi ƙwari. In ya so ranar da za ta yi maganar, zai roƙi wata Babarbariya da ya sani a unguwar Dawaki ta zo ta zauna tsakaninsu.

Ya fara kuwa. Yana goge hula da buroshi yana faɗa, tana maimaitawa. Gaisuwar safe, gaisuwar yamma, sunan ruwa, sunan wuta. Rahinatu na da kai, washegari ta gaida kakarta da Barbarci ba tuntuɓe. Fuskar tsohuwar ta washe, ta ce wa ɗanta, "Ashe gaskiyarka, kunya ce."

Likita ya ba da magani ya ce a dawo. Wakil ya koma Maiduguri wajen iyalinsa. Ranar Asabar Madu ya ɗaure hulunan mutane a buhu zai kai kasuwa, domin akwai ɗaurin aure washegari, masu su na jira. Ya bar tsohuwar a tabarma a inuwar zaure na ciki, ta ɗan ji dama, har ta ce a kawo mata mataji da man kitso.

Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya tarar da Rahinatu a tsakar gida da wani irin kitso da rabon da ya ga irinsa tun a ƙauye, kitson 'yan matan garinsu, an raba gashin an tufke shi gaba da baya. Idanunta sun yi ja.

"Tun da ka fita take min," ta ce. "Tana yi tana magana, tana yi tana kuka. Hawayenta har yana ɗiga a wuyana. Na ji tana ta cewa Yagana."

Buhun da ke hannunsa ya sulale ƙasa.

"Ba ki ce mata ta dakata ba? Ba ki ce ba kya ji ba?"

"Da wane bakin zan faɗa? Kuma duk inda ta tsaya sai ta leƙo fuskata, ni kuma sai in gyaɗa kai. Na ga in na gyaɗa tana jin daɗi."

Inno ta ce daga bakin murhu, "Na so in aika a kira ka, sai na ga maganar tasu ce. Wa zai shiga tsakanin kaka da jika?"

Ya shiga ɗaki. Tsohuwar na kwance, numfashinta na fita da ƙyar, amma fuskarta a sake kamar wadda aka sauke wa tulu daga ka. Ya zauna a gefen ƙafafunta.

"Na sauke," ta ce. "Na gaya mata duka, ban rage ko ɗaya ba. Yarinyar kirki, ba ta katse ni ba. Yanzu ko yau aka kira ni, ba ni da kayan kowa."

Maganar tana bakinsa. Ya, uwata, Rahinatu ba ta ji ba, ki sake. Ya dubi hannuwanta da ke rawa saboda wahalar kitson, ya dubi yadda ta lumshe ido. Ya ce bari ta huta, gobe da safe zai faɗa mata, zai ɗauko matar Dawaki, a sake zama.

Da safe ba ta iya magana ba. Aka kai ta asibiti, ta kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba, ta cika da hantsi. Aka yi mata sutura a Gombe, garin da ba ta san komai nasa ba sai tsakar gidan Inno.

Bayan an share makoki, Wakil da ya dawo zaman makokin ya tafi, gida ya yi shiru. Madu na zaune a ƙofar ɗaki da yamma, bai taɓa hula ko ɗaya ba, sai Rahinatu ta zo ta zauna kusa da shi. Kitson ya fara tsufa, gashi ya tattashi a gefe, amma ta hana Inno ta tsefe.

"Baba, na riƙe wasu. Tun ranar nake ta maimaitawa a zuciyata don kada su gudu. In faɗa ka fassara min?"

Ya gyaɗa kai.

Ta rufe ido, ta fara. Muryar kakarta ta kwaikwayo, har da inda take ja da inda take saukewa, har da inda numfashi ke yanke mata. Amma kalmomin sun narke cikin juna, kan wannan ya manne da wutsiyar waccan. Madu ya matso, ya kasa kunne kamar mai sauraron rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ya tsinci sunan Yagana. Ya tsinci ruwa. Ya tsinci wata kalma mai kama da bishiyar tsamiya. Can kusa da ƙarshe ya ji Rahinatu, sau biyu a jere, da irin muryar da ake kiran yaro ya zo ya ci abinci.

"Sake faɗin na ƙarshen."

Ta sake. Wannan karon ya fito daban da na farko.

"Me ta ce, Baba?"

Zai iya ƙirƙira mata. Zai iya cewa mamarki ta ce ki yi karatu, ki ji maganar babanki. Yarinyar za ta karɓa, ta je ta faɗa a gaban Malama Jummy, a tafa mata. Ya buɗe baki, sai ya tuna yadda ya ce wa uwarsa tana ɗan ji.

"Akwai ruwa a ciki," ya ce. "Akwai tsamiya. Kuma ta kira sunanki. Iyakar abin da na samu ke nan."

"Ruwan sha ta nema, ko ruwan sama ake yi?"

"Ban sani ba, Rahina."

Ta murza bakin zanenta. Daga makwabta ana jin yara suna rigima kan ƙwallo.

"Ranar al'adun saura mako," ta ce. "Inno ta ce kitson ba zai kai ba."

"Ki riƙa ɗaura ɗankwali in za ki kwanta."

"In na miƙe, me zan ce game da mamata?"

Madu ya ɗora hannu a kan tufkar gaba, inda yatsun uwarsa suka bi. Ya ji wajen da ta ja da ƙarfi da wajen da hannunta ya gaza, kitson ya yi sako-sako. Ya so ya amsa mata da Hausa, abin ya ƙi fita. Sai ya faɗa da Barbarci, a hankali, cewa sunanta Yagana, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen lafaya.

Rahinatu ta dube shi tana jira ya fassara.