Yatsa Biyu

Malam Burahima ya sake buɗe takardar a kan gwiwarsa. Likitan Damagaram ne ya zana masa hanji da biro, ya ɗiga baƙin ɗigo can ƙasa, dab da mafita. Shekara biyu yana shan jiƙon basir, ashe ciwon daji ne.

Matarsa Habsu ta ajiye masa kunu, ta zauna a bakin tabarma. "Malam, tun jiya da ka sauko daga mota ba ka gaya mini komai ba."

"Aikin tiyatar iri biyu ne," ya ce. "Da ƙarin dajin ya ɗan matsa sama ko da yatsa biyu ne, da sai su yanke wurin su haɗa hanjin, in ci gaba da zagayawa kamar kowa. Nawa ya sauka ƙasa. Sai an cire duka, a ɗinke dubura, a huda mini nan." Ya taɓa gefen cikinsa na hagu. "A manna jaka, bayan gida ya riƙa zuba a ciki."

"Har yaushe?"

"Har kabari."

Habsu ta ce, "In ba a yi ba fa?"

"Likita ya ce ba zai ɓoye mini ba, da wuya in ga damina biyu."

"To a yi mana. Jaka ai wankewa ake yi, ni zan wanke."

Malam Burahima ya ninke takardar. Shekara ashirin da uku yana limanci a masallacin bakin kasuwar Gure. Ya san hukuncin sarai, shi da bakinsa ya sha gaya wa tsofaffi masu yoyon fitsari cewa sallarsu ta yi, Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Amma yakan ƙara musu da cewa an fi so kada mai irin wannan larura ya ja masu lafiya salla. A lokacin maganar ba ta yi masa nauyi a baki ba.

Da aka kira La'asar ya yi alwala a hankali, ya fita. Ladan Fannami ya tayar da iƙama, sahu ya daidaita, aka buɗe masa hanya kamar kullum. Sai ya kama hannun Idirisa, na'ibinsa, ya tura shi gaba.

"Malam, lafiya?" Idirisa ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Ja mu. Gobe zan koma Damagaram, za a yi mini aiki."

"Allah ya ba da sa'a. Zan riƙe maka kafin ka dawo."

"Riƙe dai," in ji Malam Burahima.

Ya juya zai shiga sahu, ya ga babu gurbi, kowa na tsaye inda ya saba tsayawa shekara da shekaru. Sai da wani mai sayar da dabino ya matsa, sannan ya samu wurin sa ƙafa.