Kwalbar Marlys ta Ƙarshe

Mu masu dafa giya a gida a nan Silverton, ba mu taɓa zama mun tashi ba gardama ba. Duane, tsohon direban motar katako, zai rantse cewa a duk Oregon babu giyar pale ale ta kirki sai mai ɗacin da ke kama harshe, wadda ƙamshin furen hof, mai sa wa giya ɗaci, zai doke ka tun kofi bai kai baki ba. Ni kuwa in ce masa wannan ai horo ne, ba sha ba. Sababbin shiga su kawo wata gurɓatacciya kamar ruwan lemo suna ta zuzutawa. Amma da wani ya ce, "To ta Marlys fa?" sai kowa ya gyaɗa kai a koma cin bandar kifi.

Marlys matar Wendell ce, ƙawata tun muna 'yan mata. Giyarta garau take, launin zuma, ɗacinta daidai, da ƙamshin ɓawon lemo da wani ɗanɗano kamar na burodi mai zafi. Ba ta ɓoye wa kowa haɗinta ba, mun gwada har mun gaji, ta ƙi fitowa. Abin yana cikin yistinta ne. Tun kafin ta haifi 'yarta take renonsa a wata kwalba mai faɗin baki a firijin gareji, tana ɗiba tana mayarwa. In ka roƙa ta ɗibar maka, sai ta karɓi kwalbarka ta ɗaga ta saitin haske, ta yatsina fuska ta ce, "Koma ka sake wankewa." Wendell ya fi kowa shan wannan faɗa. Da ya tsiyaye giya daga kwalba, kafin ya kurɓa, za ka ji muryarta: "Wendell, ɗauraye kwalbar!"

Da ciwo ya kwantar da ita, Wendell ya tare a asibiti. Firijin ya mutu ana tsakiyar zafi, ba wanda ya sani. Bayan mun binne ta muka buɗe, wari ya kore mu, yistin ya ruɓe. Na yi kuka ranar kamar an sake yi mini rasuwa, ba na jin kunyar faɗa.

Sai ga Wendell ya tsinci kwalba ɗaya ta dahuwarta ta ƙarshe a bayan gwangwanayen fenti. Duane ya ce, "Mutumina, kar ka girgiza ta! Yistin yana nan kwance a gindi, barci yake. A tsiyaye a hankali, a bar na ƙasan, mu ba shi ruwan sha'ir mai zaƙi, ko zai farka." Ke nan in wannan ɗan farin abin ya salwanta, giyar Marlys ta tafi ke nan har abada.

Ranar Asabar da rana muka haɗu a garejin, mu uku. Duane ya tafasa kwalbar renon da kofuna, ya hana kowa ko tari. Wendell ya buɗe, ya zuba wa Duane garau, ya zuba wa kansa. Da ya zo kaina sai kwalbar ta karkace, na ƙasan ya ɗan biyo, nawa ya fito dishi-dishi.

Na ce, "Haba Wendell! Ni ce ƙawarta, ni za a ba gurɓatacciya?"

"Yi haƙuri Doreen, hannun ne."

"Hannun nan dama tun ranar aurenku yake rawa, ina wurin."

To ni Allah ya yi ni da baki. Na ɗaga kofi na ce zan faɗi kalma ɗaya a kan Marlys kafin mu sha. Na kama labarin ranar da tukunyarta ta farko ta yi ambaliya a kicin ɗin surukarta, daga nan na faɗa na karenta, Duane yana dariya yana share ido. Ina cikin zuba sai muka ji ƙarar famfo.

Muka waiwaya. Wendell na tsaye a wurin wanke-wanke, ya toshe bakin kwalbar da babban yatsa yana jijjiga ruwa a ciki. Ya zubar, ya sake tara, ya zubar, ya kife ta a kan ragar shanya kwalabe yadda Marlys ta koya masa.

Duane ya daka tsawa, "Wendell! Me ka yi?"

Ya dubi kwalbar, ya dubi hannunsa. Sai ya zame ya zauna a kan bokiti. "Na ɗauraye," in ji shi, da wata ƙaramar murya. "Ban ma san na tashi ba. Ji na yi kawai kamar za ta yi magana." Ya yi 'yar dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka. Tausayinsa ya kama ni.

Duane ne ya ƙura wa hannuna ido. "Doreen, kar ki motsa. Kin kurɓa?"

"Yaushe na samu sarari, ina magana?"

"Ko leɓe bai taɓa ba?"

"Na ce maka ban sha ba, kai kurma ne?"

Ya lallaɓo ya zare kofin daga hannuna kamar mai ɗaukar jariri, ya juye shi cikin ruwan sha'ir ya rufe. "Yau dai surutunki ya yi rana," ya ce. Na ce Allah ya shirye shi. Su biyun suka sam mini nasu, ta kwana biyu, ƙamshin ya ja baya, amma ita ce.

Kwanaki suka wuce kwalbar renon ba motsi. Wendell ya ajiye ta a kan teburin cin abinci, a gefen da Marlys ke zama, ya lulluɓe da tawul. Na fara cire rai. Wata safiya waya ta yi ƙara, ko gaisuwa babu Wendell ya ce, "Doreen, kumfa! Zo ki ga kumfa!" Da takalman wanka na tuƙa mota.

Da kaka, lokacin tsinkar hof, Wendell ya dafa giya da yistin. Aka cika gareji, har da sababbin shiga. Duane ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya ce ɗacin ya yi kaɗan. Haka yake ce wa Marlys kowace shekara, kuma kamar kullum ya miƙa kofi a ƙara masa.

Wendell ya ce ba zai sake barin yistin a firiji ɗaya ba, kowa ya kawo kwalba ya ɗiba. Ni ce farkon layi, da kwalbata da na wanke tun da safe. Ya karɓa, ya ɗaga ta saitin taga, ya juya ta, ya yatsina fuska.

"Koma ki sake wankewa," ya ce.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai na ga idonsa ya cika da ƙwalla. Na karɓi kwalbata na nufi famfo.