Jiƙaƙƙiyar Riga a Leda

…kuma yana tuƙi da hannu ɗaya, kamar daga ɗaurin aure suka fito. Tchima tana kallon gefen fuskar mijinta, tana jin kamar ta rufe shi da duka. Issaka. Wai uban 'ya'ya. Gidansu na Greensboro da sauran tafiya, ledar jiƙaƙƙun kayan Yasmina tana kan cinyarta, ruwan gishiri yana tsattsafowa cikin zanenta. Ba za ta ajiye ta ba. Ya gani. Ya yi ta gani har su isa gida.

Shayi. A bakin teku, shayi… Wane ne zai kwaso mata da yara biyu, ya yi tuƙin rabin yini, ya kawo su gaban ruwan da ba shi da iyaka, sannan ya juya wa ruwan baya ya hau fifita gawayi? Sai ɗan Damagaram. Buta a hannu, waya jingine da gwangwanin sukari, yana nuna wa 'yan fadarsu na Zinder: ku ga teku, ku ga Amurka. Yana ɗaga buta sama, yana zubawa, yana mayarwa. Kumfa yake nema. Kumfar shayi, alhali ga kumfar teku can tana —

A'a. Ba za ta tuna ba.

"Je ki canza wa yaron, ina kallonta." Haka ya ce, da kunnenta ta ji. Ta saɓa Abdoul Razak ta nufi ban-ɗaki, ta dawo: ga tabarma, ga takalman Yasmina, babu Yasmina. Tana ina? Wai tana nan kusa, ai ga mutane ko'ina. Mutane? Ya zaci unguwar Birni ce, inda kowace mace za ta kamo kunnen 'yarka ta maido maka ita har zaure? Ɗa na kowa ne, i — a can. A nan kowa ya shafe jiki da mai ya baje a rana kamar kilishi, ido a rufe.

Hijabin ta fara hangowa. Ɗan ruwan hoda, yana yawo a kan ruwa, ya ɓace, ya ɓullo… Ta ruga. Ruwa ya kai mata gwiwa, ƙafafun suka ƙi. Ita da ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba, me za ta yi? Ihu. Ihu kaɗai. Saurayin nan mai jan wando, mai gadin masu wanka, shi ya wuce ta a guje, shi ya fito da 'yarta a kafaɗa. Yarinyar ta amayar da ruwa, ta yi tari, ta buɗe ido. Uban sai a lokacin ya iso, da buta a hannu. Da buta.

Tsautsayi ne, in ji shi, ba ya wuce ranarsa. Allah ya kiyaye gaba. Shi ke nan? An shafa fatiha an tashi? Wallahi ta tsane shi a yau, ta tsani muryar nan tasa mai sanyi, ta tsani warin gawayin da ya cika motar.

Ta waiga. Abdoul Razak yana barci, baki buɗe. Yasmina a naɗe cikin tawul, idonta a kan itatuwan bakin hanya. Tun da aka fito da ita ba ta kalli uwarta ba. Biskit ma daga hannun ubanta ta karɓa. Daga hannunsa — shi da ya kusa kashe ta. Uwar ta miƙa, yarinyar ta kau da kai. Don me?

Ɗazu a bakin ruwan, saurayin ya riƙe gefen rigar Yasmina yana matsewa, yana zuba Turanci da sauri. Ta ce masa ba ta ji. Tana ji mana, da wane yare take yini da tsofaffin da take jinya? Wai rigar ce ta ja ta ƙasa. Wai ruwan bai kai ya ci yarinya ba, rigar ce ta nannaɗe mata ƙafa. Shi me ya sani? Ta saki 'yarta tsirara kamar nasu?

Kwanakin baya a kanti Yasmina ta ɗauko 'yar rigar wanka mai zanen kifi, ta rungume. Mama, don Allah… Tchima ta buge mata hannu. Koyon iyo da makaranta ta shirya ma ita ta hana. Ita ta zauna a keke ta ɗinka wannan: atamfa mai kauri, har idon sawu, da wando a ciki, da hijabi a sama. Don hotuna za su je Zinder. Don kada Innarta ta buɗe waya a tsakar gida, maƙwabta su leƙo, a ce Amurka ta cinye Tchima.

Shi yana nuna wa Zinder teku. Ita kuma —

A'a. Shi ne. Shi ya ce yana kallonta. Shi…

Motar ta faɗa ɗan rami, ledar ta zame. Ta cafke ta da hannu ɗaya, hannun ya sauka ƙasa da ita. Sai da ta sa na biyu. Tun azahar take zubar da ruwa, amma har yanzu… wannan nauyin… a jikin 'yar shekara shida?

Ta buɗe baki za ta sake zazzaga masa. Ya juyo yana jira. Ta mayar da idonta kan ledar.

Ledar tana ta ɗiga.