Wasa Huɗu

Malam bai ko ajiye jakarsa ba ya juya allon kwamfutar ya fuskanci bango, alhali babu kowa a ofishin sai fanka. Ya leƙa ya sake duba sakamakon, ko ido ne ya yaudare shi. Bai canza ba.

Kamfaninsu zai tura manhajar ces, wato darar Turawa, guda ɗaya zuwa wata babbar gasa, kuma yau da la'asar za a rufe karɓa. Manhaja biyu ke gare su: tasa, da ta Injiniya, wadda shi ya koya mata aikin tun tana ɗalibarsa. Makon jiya ya ce a haɗa su wasa huɗu, wadda ta yi nasara ita za ta tafi. Tasa ta ci ɗaya, sauran suka tashi canjaras. Aka yi ta tafi, masinja har da kirari. Malam ya koma gida yana tafiya kamar ƙasar ma arziki ta ci.

Son yabo ne ya ja masa. Yana so ya sami babban adadi da zai ƙawata jawabinsa, sai ya bar manhajojin suna ta karawa duk ƙarshen mako. Yanzu ga wasanni sama da dubu a gabansa, ta Injiniya ta yi wa tasa dukan kawo wuƙa. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka ɗau zafi. Danna maɓalli ɗaya zai goge komai, kuma sai da yatsansa ya daɗe a kan maɓallin.

Ya sami Injiniya a ɗakin shan shayi tana wanke kofi.

"Ina kwana, Malam. Yau ce ranar taka."

"Zo ki ga wani abu."

Ta bi shi, ta tsaya a bayan kujera kamar yadda take yi a aji. Ta kalli allon sau ɗaya ta sunkuyar da kai. Babu alamar mamaki a fuskarta, abin da ya fi ci masa rai ke nan.

"Kin sani?"

"Na gwada a gida, Malam."

"Shi ne kika yi shiru? Kina kallo ana yi mini kirari?"

Ta murɗa gefen mayafinta. "Kai ka koya mana cewa wasa kaɗan sa'a ce, ba hujja ba. Har ka kayar da ni a jarrabawa a kan wannan tambayar. Da wane baki zan tuna maka karatunka a gaban mutane?"

Ya tuna. Da jan biro ya zagaye amsarta, ya rubuta mata cewa ta koma ta yi tunani. Ya zare tabarau yana gogewa, don kawai ya sami inda zai kai idonsa.

"Taki za ta tafi," ya ce. "Zan tara ma'aikata in faɗa musu."

"A'a, Malam, ba sai an kai ga haka ba." Ta rage murya, tana duban ƙofa. "A ce kwamfuta ce ta sami matsala rannan. A sake wasa huɗu a gabansu, tawa ta ci, shi ke nan. Girmanka bai zube ba."

Dabarar ta yi masa daɗi, jin daɗin kuma ya ƙara masa kunya. Ya mayar da tabaransa.

"To idan tawa ta sake ci fa?"

Injiniya ta ce a hankali, "Sai mu ce kwamfutar ta sake lalacewa, Malam."

Ya juyo da allon ya fuskanci ƙofa.

"Je ki kira su. Har da masinja."