Masu Tambayar Gidaɗo

"Malam, yau ba wanda ya aiko?" Gidaɗo ya tambaya daga kan tabarmarsa a zaure, tari na tsinka masa magana.

Malam Haladu ya tsaya a bakin ƙofa, wayarsa na cikin aljihu. Saƙo goma sha ɗaya ya tarar da safe, duk na tsohon nan ne.

"Babu, Baffa," ya ce. "Ka san mutanen intanet. Yau suna kanka, gobe sun wuce."

"Hakanan na," in ji Gidaɗo. Ya juya fuska wajen bango.

Shekara ashirin ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu a Gummi. Malam Haladu tsohon malamin Hausa ne a sakandare. Tun da ya yi ritaya ya buɗe shafin bulog a intanet, yana rubutu kan karin magana da asalin sunayen garuruwan Zamfara. Shekara shida yana fama, masu karatunsa ba su haura talatin ba, rabinsu ma tsofaffin ɗalibansa ne. Shi kuwa Gidaɗo Bafulatani ne da shanunsa suka ƙare, ya dawo gari yana tufkar igiya yana kaiwa kasuwa. Ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko.

Wata la'asar Malam Haladu ya jiyo busar sarewa ta bayan katanga, nan take ya gane ta. Taken wani shirin noma da kiwo ne da ake nunawa a talabijin kowace Alhamis tun yana saurayi, lokacin da unguwa guda ke taruwa gaban akwati ɗaya. Ya zagaya ya tambayi tsohon inda ya koya.

"Koyo?" Gidaɗo ya yi dariya. "Ai ni na busa shi. Wasu mutane sunka zo daga Sakkwato da na'ura, sunka ishe ni bakin gulbi ina kiwo."

Malam Haladu ya sa shi ya sake busawa, ya naɗi busar a waya. A satin nan ba shi da abin rubutawa, sai ya ɗora busar a shafin da layi biyu kacal.

Cikin kwana uku mutanen da suka leƙo sun fi na shekara shida. Daga Jidda, daga Khartoum, daga Kumasi, daga Landan. Wata likita a Kanada, Basma, ta rubuto cewa ta yi kuka, don da an sako taken nan mahaifinta kan ɗora ta a cinya. Da farko Malam Haladu kan zo kullum ya karanta wa Gidaɗo saƙonnin, tsohon yana tafa hannu yana cewa a maimaita.

Daga nan Malam Haladu ya zauna sati uku ya rubuta tarihin sarewa a ƙasar Hausa, rubutun da yake ganin bai taɓa yin kamarsa ba. Amsa ta farko ta ce: "Malam, rubutu ya yi tsawo, ina Baba Gidaɗo?" Ta biyu ma haka. Ranar kasuwa wani ɗan acaba ya nuna shi ga abokinsa ya ce, "Ga maƙwabcin mai sarewar nan."

Maƙwabcin mai sarewa! Shi da ya shekara talatin da biyar da alli a hannu. Tun daga ranar ya daina karanta saƙonnin. Idan ya buɗe shafin ya ga sababbi, sai ya rufe.

Ana haka ciwon ƙirji ya kwantar da Gidaɗo. Basma ta sake rubutowa, tana tambaya ko busar tana da ci gaba, tunda a talabijin rabin minti kawai ake sakawa. Malam Haladu bai faɗa masa ba. Amma shi tsohon da kansa ya tayar da zancen wata safiya.

"Malam, abin da sunka sa ga talabijin kai ne kawai, akwai wutsiya. Ka kawo wayarka in busa maka sauran tun ina da numfashi."

"Bari ka ji sauƙi tukuna, Baffa."

Ya fita yana gaya wa kansa tausayi ne. Kafin ya kai ƙofar gidansa ya san ba tausayi ba ne.

Sai bayan kwana tara, ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci, ya shigo da wayar a hannu. An tallabi Gidaɗo aka jingina shi da bango. Ya ɗora sarewar a baki, yatsunsa suka sami gurbinsu. Ya hura. Iska kawai ta fito. Ya sake hurawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, tari ya sarƙe shi.

"Ta ƙiya," ya ce da murmushi, ya ajiye ta a gefen tabarma.

Ranar Lahadi da hantsi ya cika. Malam Haladu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da suka dawo ya sanar da rasuwar a shafin, ta'aziyya ta riƙa shigowa daga ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Yana kallonta tana taruwa, sai ya kama kansa yana tambaya: ranar tasa mutuwar, wa zai rubuto daga Kanada? Ya kife wayar a kan buzu yana istigfari.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun watse, ya tsaya a zaure ya yi sallama. Dija, matar marigayin, ta amsa daga bayan asabari.

"Inna Dija, akwai saƙonnin da aka aiko masa yana kwance. Ban karanta masa ba."

"Ya sani," ta ce. "Ya ce yana jin wayarka tana motsi cikin aljihu kana cewa babu. Na ce in yi maka magana, ya ce in ƙyale Malam, ya gaji da karatu."

Malam Haladu ya dafa bango.

"To ni ka karanta mani," in ji Dija.

Ya zauna a ƙasa ya fara daga na farkon da ya ɓoye. Ya karanta na Jidda, ya karanta na Kumasi. Da ya zo kan na Basma, ya karanta shi a hankali har ƙarshe.

"Kanadar nan," Dija ta tambaya, "gabas take ko yamma?"

Ya yi ɗan tunani, ya nuna saman katanga, wajen da rana ta karkata. Ta ɗaga gefen asabarin da yatsa biyu, ta tsura wa wajen ido. Wasu balbelu ne ke wucewa a jere, sun nufi gulbi.