Katin Jarrabawa a Aljihun Alhaji

"Malam, ina farar shaddar nan da ke rataye da safe?"

Ƙasimu ne ya faɗo mabuga a guje, takalmi ɗaya a hannu. Malam Dogara, mai mabugar, bai ko ɗaga kai ba, gudumarsa na sauka kan gungume, kwas, kwas.

"Ta Alhaji Sharfaddeen? Na buge ta, an kai masa. Gobe ɗaurin auren ɗansa."

"Innalillahi! Katin jarrabawata na aljihunta!"

Sai a lokacin bugun ya tsaya.

Shekara biyu Ƙasimu na yawo da difloma, ba ofishin da bai leƙa ba. Da tura ta kai bango ya ajiye girman kai ya zo mabugar Ƙofar Gayan, ya karɓi aikin da ya fi kowanne ƙanƙanta: yayyafa ruwa, ninke riguna, miƙa wa masu bugu. Da ɗan abin da yake samu ya shiga karatun digiri na ƙarshen mako. Ya kuma saba jefa takardunsa da bironsa a aljihun duk rigar da ya gani rataye, don kada ruwa ya jiƙa su. Yau ƙarfe biyu yake da jarrabawar ƙarshe. Ba kati, ba shiga, sai baɗi.

"Kai ɗan boko," in ji Malam, "rigar da aka buga ai ba a warware ta sai ranar sawa! Wa zai yarda?" Amma tuni ya tura tsohon babur ɗinsa waje. "Hau mana, ka tsaya kana kallona!"

Lungu ya ba lungu. Suka tsallake kwata, suka watsa awaki, wata tsohuwa ta bi su da faɗa har suka ɓace. Ɗaya saura kwata suka tsaya a ƙofar gidan Alhaji a Limancin Kona.

Alhaji na zaure, rigar na gefensa a leda, sai sheƙi take. Ya saurari bayani, ya girgiza kai.

"Dogara, ka san abin da kake roƙo kuwa? In fita gaban surukai da ninki a karkace?"

Ƙasimu ya durƙusa. "Baba, ni na ninke ta kafin bugu. Na san kowane layi. Zan mayar da ita yadda take."

Alhaji ya ƙura masa ido. "Tsaya. Kai ba ɗan Malam Usman ba ne, mai difloma? Bugu kake yi?"

"E, Baba."

"Kai, madalla!" Alhaji ya tafa hannu. "Autana na ɗaki shekara uku, wai sai ofis mai sanyi. Yaro, zamanin nan abin da ka samu ka kama, kada kuma ka saki karatu. Buɗe! Amma in layi ɗaya ya kauce, kai za ka tsaya gobe ka yi wa baƙi bayani."

Ƙasimu ya ɗaga ninkin farko, na biyu, na uku. Ya zura yatsu a aljihu.

"Ga shi! Wallahi ga shi!"

Katin ya sha bugu ya baje, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Malam ya leƙa hoton ya fashe da dariya. "Ka ga har hancinka na gyara maka, kyauta."

Ƙasimu ya bi layi bayan layi, ya danne da tafin hannu, ya mayar da rigar leda. Alhaji ya juya ta gaba da baya, bai ga komai ba.

"Daga gobe ka bar yayyafi," in ji Malam. "Guduma za ka kama."

Ƙasimu ya yi godiya cike da murna. Ya laluba aljihunsa, sai ya yi turus. "Birona fa?"

"Ungo nawa, yi sauri!" Alhaji ya miƙa masa.

Malam na taka babur ke nan, wata baƙar mota ta toshe bakin lungun. Wani dogon mutum ya fito, fuska a murtuke. Ya warware farar babbar riga a gabansu. Shuɗin tawada ya malale daga aljihu har ƙasa.

"An ce min a nan zan sami Dogara," ya ce. "Wane ne ya buga mini riga da biro a ciki?"