Baƙin Garin da Miriyamu Ta Soya

Miriyamu na cikin goge masa kakinsa da dutsen guga na gawayi ta saki maganar, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban Tizhe, yau in manya sun yaba maka, ka tuna akwai hannuna a ciki."

Ezekiya ya ajiye ƙoƙon kunu. Shi ne malamin gonar da aka turo Mubi shekarar da aka gama yaƙin basasa, har yau bai fita gwaji ba. A yau babban jami'i zai zo daga Maiduguri ya duba gonar waken da ya yi a Digil, ya yanke ko a tabbatar da shi a aiki ko a sallame shi.

"Hannunki kamar yaya?"

"Baƙin garin nan na gwangwani. Ai na soya shi kafin ka kai gona."

Garin da take nufi maganin wake ne da aka aiko daga birni. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu rai, ido ba ya ganinsu. A shafa wa iri, su shiga saiwa su yi ƙulli-ƙulli, su jawo wa shuka abinci daga iska, su bar wa ƙasa ragowa. Abu ɗaya aka ja masa kunne a kai: zafi na kashe su. Shi ya sa ya ɓoye gwangwanin a gindin randa.

"Soya shi? A wuta?"

"A kasko, kamar gyaɗa. Har ya yi ƙamshi." Sai yanzu ta dube shi. "Da bakinka ka ce ƙwayoyi ne. Ka kawo ƙwayoyi ka ajiye kusa da ruwan da 'yarmu Dibora yake sha, ni in zauna in kalla?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna. Zawo ne ya ɗauke musu Tizhe, ɗansu na fari, kafin ya iya tafiya. Sista a asibiti ta ce ƙwayoyi ne cikin ruwa. Tun daga nan Miriyamu ba ta yarda da abin da bai ga wuta ba: ruwa, cokali, har tsumman goyo. Sunan yaron ma ba ta daina kiran mijinta da shi ba. Tausayinta ya kama shi, haushinta ma ya kama shi, ya rasa wanda zai fara haɗiyewa. Ya sa kakinsa da ɗumin guga ya hau keke.

Duk hanyar Digil abu ɗaya yake juyawa a ransa. Gonar ta yi kyau, kowa ya shaida. Ya raba ta biyu: gefen da aka shafa wa gari ya yi kore shar, har tsuntsu zai iya ɓata a ciki, ɗayan kuwa ya ƙanjame kamar akuyar bazara. To in mataccen gari ya shafa, me ya yi aikin?

A bakin gona ya tarar da Gabdo, mai unguwar da ya ara masa filin, ya sha babbar riga tun da sassafe, ya tarbe shi da gaisuwar Fulatanci.

"Jam, Malam! Yau ranarka ne."

Ezekiya ya amsa sama-sama, ya shiga koren gefen ya tumɓuke shuka ɗaya. Saiwar cike da ƙulli. Ya fasa ɗaya da farce, cikinsa ja-ja, alamar ana aiki.

"Baba Gabdo, me kake shukawa a nan da?"

"Nan? Wake da gyaɗa, tun zamanin babana. Can kuwa rairayi ne, ko dawa ba ya so. Kai ne ka ja igiya ka raba, ni me zan ce? Baƙo ba a hana shi aunawa."

Nan Ezekiya ya gane. Ƙwayoyin da ya yi damina guda yana wa'azinsu, ashe suna zaune a ƙasar Gabdo tun kafin a haife shi, ba wanda ya kawo su a gwangwani. Shi kuma ya ja igiya daidai kan iyakar ƙasa mai kyau da maras kyau, ya kafa allo, ya kira abin gwaji. Gwajin bai nuna komai ba. Wannan kuwa dole a faɗa, don in an ci gaba a haka, mai rairayin da ya fi kowa buƙatar garin shi zai sha kashi.

Da rana ta take, motar jami'in ta iso da ƙura a bayanta. Malam Ishiyaku, babban jami'in, ya sauko yana gyara tabarau. Mutum ne da ya zaga gonakin gwaji tun daga Biu, bai ga komai ba sai kunya, ga gajiyar ta nuna a fuskarsa. Ya dubi kore, ya dubi ƙanjamamme, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sai dai akwai wata magana a kan garin—"

"Garin ya yi magana da kansa, ɗana. Duba! Ko makaho ya shafa ya ji."

"Ranka ya daɗe, ƙasar nan ce—"

"Ita ce! Ƙasar ce ta farfaɗo." Ya juya ga manoman da suka taru daga Digil da Bahuli, ya ɗaga saiwar da Ezekiya ya tumɓuke. Ya yi jawabi mai daɗi ƙwarai, kuma abin takaici, duk abin da ya faɗa game da ƙwayoyin gaskiya ne. Aka yi tafi. Ya dafa kafaɗar Ezekiya ya ce daga yau ya fita gwaji, kuma baɗi za a aiko da gari katan-katan, kowane gida ya samu.

Tsuntsu daga sama gasasshe. Ezekiya ya ji daɗi, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Ya tuna Dibora, ya tuna ɗakin haya, ya ce wa ransa gaskiya ba ta ruɓewa, baɗi ma rana ce. Zai karɓi garin, ya adana shi a inuwa da hannunsa, ya sake gwajin yadda ya kamata, ba wanda zai san an taɓa yin kuskure.

Yana cikin wannan lallashin kai sai Adda Hapsatu, yayar Gabdo, ta ratso taro da mata a bayanta. Tsohuwa ce mai sayar da daddawa a kasuwar Mubi, abin da ya shiga kunnenta da safe ya gama gari kafin azahar.

"Malam, Allah ya yi wa matarka albarka. Miriyamu ba ya da rowa. Tun a kasuwa ya faɗa mana asirin, duk matan Digil sun sani, na Mayo Bani ma sun aiko tambaya. Kowa ya tanadi kasko." Ta matso kusa. "Abu ɗaya ne bai faɗa ba. Wutan, a sa da yawa ko kaɗan?"

Malam Ishiyaku yana tsaye a gefe, ƙafa ɗaya a mota. Bai ji farkon maganar ba, murmushi kawai yake, yana jiran ya ga yadda sabon malaminsa ke amsa wa manoma. Matan suka zuba masa ido. Ezekiya ya dubi saiwar da aka yar a ƙasa, ƙullin sun fara yaushi a rana.

"Kaɗan, Adda," ya ce. "Kaɗan ƙwarai."